Na'urar Wasana Ta Zauna a Ghuddwa

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga unguwar Jadid ta birnin Sabha, ko shayi ban sha ba. Mu shida ne a bayan a-kori-kura, za mu Ghuddwa yankan dabino na kwana biyar. Kayana bargo ne da buta, sai 'yar na'urar wasana mai madannai, irin wadda tubali ke faɗowa kana jerawa, mai cin batir biyu. Shekara da shekaru tana aljihuna. Ita ke ɗebe min kewa in muna zaune bakin titi jiran mai neman lebura.

Hanyar kwalta ce, amma ta gaji kamar ni. Rami nan, yashi ya hau titi can. A shingen sojoji suka duba takardunmu, muka wuce. Gaba kaɗan muka tsaya sayen burodi da kifin gwangwani da yajin harisa, wanda ya yi tsada har na ci rabi na ɓoye rabi. Abokan tafiyata kuwa kowa ya dunƙule kan wayarsa, wannan na ludo, wancan na harbe-harbe. Da na zaro tawa suka fashe da dariya. Wani Bazindire ya ce in kai ta gidan tarihi, wai ko a ƙauyensu an daina ganin irinta. Na ci gaba da wasana.

Gonar tana bayan gari, dabino iya ganinka, ga injin ban-ruwa yana tari. Mai gonar dattijo ne Bafezzane, wato ɗan asalin yankin, yana jin Hausa tsinci-tsinci da ya koya wurin kakarsa. Ya ciyar da mu makaroni mai romo da shayi mai kumfa da gyaɗa a ciki. Aikin kuwa babu wasa: ka hau, ƙaya ta soke ka, ka sauko da nonon dabino, ka sake hawa.

Rana ta biyu wuta ta ɗauke ba ta dawo ba. Kafin la'asar wayoyin nan duk sun mutu. Masu dariya suka zauna inuwa suna kallon tafin hannunsu, ni kuwa ina ta jera tubalina. Bazindiren ne ya fara matsowa.

"Baba, ɗan ara min mana, sau ɗaya."

Na ce ai tana gidan tarihi, ya bari a buɗe. Sai da ya wanke min riga na ba shi. Daga nan layi aka kafa.

Wanda ya fi kowa kamuwa shi ne dattijon. Waya ba ta taɓa burge shi ba, amma wannan da ya ji madanni na motsi ƙarƙashin yatsa, ya manta da shayinsa a kan wuta. Ranar da za mu taso ya riƙe ta ya ƙi saki, ya sa aka ɗora min buhun dabino.

"Ɗan'uwa, bar min ita. Kai kana birni."

Na ce a raina ai gaskiya ne, in na koma na sayi sabuwa. Na bar masa.

Nan na yi wauta. Da muka dawo Sabha na zaga kasuwa shago-shago, kwana biyu. Wasu ba su ma gane abin da nake kwatantawa ba. Wani mai gyaran waya ya ce rabonsa da ita tun yana makaranta, ya sa min wasan tubalin a wayata kyauta. Wasan ɗaya ne, amma yatsuna da siminti ya cinye gilashi ba ya jin su. In tura tubali dama, ya tafi hagu.

To abin da tafiyar nan ta koya min: a kasuwa waya ta gama da na'ura, babu gardama. Amma inda babu wuta, ko ga mai hannu irin nawa, madanni ne sarki. Kuma kada ka ba da abu kafin ka tabbatar ana sayar da shi.

Jiya dattijon ya aiko direba ya gaya min ya wuce makin da na ci a wasan, kuma batir ya ƙare. Na saya masa huɗu na aika. Dabinon dai akwai zaƙi.