Silas Mai Rubutu a Gosulo

Shekara ashirin da biyu muna maƙwabtaka da Silas a Kuje. Daga Filato ya zo da akwatin ƙarfe ɗaya, ya samu aikin buga hatimi a wata ma'aikata a cikin gari. Hatimin dai bai taɓa kuka da shi ba.

Littafi takwas ya rubuta, duk a kan wata ƙasa da ke cikin tulu. Wai a Kwali ya leƙa tulun wata maginiya, ya ga duhu, ya ce lallai akwai mutane a ciki. Ni shekara sittin ina leƙa tulu, ban taɓa ganin komai ba sai ƴaƴan sauro. Shi kuwa ya ga sarauniya mai ƙafar agwagwa, da kadoji masu zaman shari'a, da wata jaruma Mashkura wadda ɗaliban sakandare ke faɗa a kanta.

Abin da masu karatu ba su sani ba, ko layi ɗaya bai taɓa rubutawa a gida ba. A motar haya yake rubutu, kujerar baya, takarda a kan gwiwa. Ranar da gosulo ya yi tsanani, babi ya yi tsawo. Ranar da hanya ta buɗe, sai ya kashe mutum biyu a gurguje ya sauka.

Bara ya yi ritaya. Matarsa Christina ta je Dei-Dei ta sayo katako, kafinta ya yi masa tebur mai sheƙi, aka hana jikoki ko tari. Lokacin yana tsakiyar littafi na tara, na ƙarshe, dodo ya haɗiye Mashkura ta maƙale a maƙogwaronsa. Wata bakwai tana nan.

Na shiga na same shi yana kallon bango.

Na ce, “Oga marubuci, ƴar mutane fa? Ai dodon ma ya gaji.”

Ya ce, “Mama, shirun ne ya yi yawa. Ba na jin komai.”

Na ce, “Kai da ka saba rubutu da kajin wani a cinyarka? Koma inda ka fi wayo.”

Washegari ƙarfe shida ya sa kwat ya ɗauki jaka. Christina ta biyo shi har ƙofa.

“Baban Rita, ina za ka? Ai sun sallame ka.”

“Mota zan shiga.”

“Ka sauka a ina?”

“Ba zan sauka ba.”

Mako uku yana zuwa yana dawowa, direbobi sun ɗauka ɗan leƙen asiri ne, har suka daina cusa mutum biyar a kujerar mutum huɗu. Sai ya roƙe su su ci gaba. Wata Litinin tirela ta lalace a hanyar filin jirgi, awa huɗu babu motsi. Fasinjoji suna zage-zage, shi kuwa ya fito da Mashkura daga bakin dodo, ya kai ta gida, ya rufe tulun.

Teburin yana nan lafiya. Ni nake shanya kuɓewa a kai.