Hajjo mai nono, wadda ta hana a karɓe kalangu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan aka bugo mini waya, wai Hajjo ta rasu.

Jikata ke rubuta mini wannan.

Tun zamanin Turawa muke tare, muna 'yan mata. Ina sayar da fura a kasuwar Tsafe, ita tana kawo nono daga rugarsu ta wajen Kucheri. Har yau in na lumshe ido ina hango matan rugar tafe cikin raɓa, fararen ƙore a ka, kamar ba sa taka ƙasa. Kullum sai ta ɓoye mini ɗan man shanu cikin ganye.

Sai wani makaɗi daga Bungudu ya yi musu zambo, wai matan ruga ruwan tafki suke zubawa a nono. Yara suka ɗauki waƙar. Nono ya riƙa kwana a ƙwarya, har mahaifinta ya fara zancen su yi ƙaura. Na yi kuka, don in sun tashi na rasa ta.

Suka kai ƙara. Alƙali ya ce waƙar ba ta kama sunan kowa ba, to wa zai ce an yi wa ƙazafi? Abin da zai iya kawai, ya sa a karɓe kalangun, a hana mutumin waƙa.

Hajjo ta ɗaga murya daga bayan mahaifinta: "Allah shi gafarta Malam, in an amshe kalangu, wa ka amshe waƙar ga bakin yara? A bar mai abinai. Shi taho ruga shi ga tatsa da idonai, shi koma kasuwa shi faɗi abin da yag gani."

Alƙali ya yarda, makaɗin kuwa ya je. Ran kasuwa ya tsaya gaban ƙorenmu ya yi sabuwar waƙa ta yabon nononsu. Ba su tashi ba.

Ganinmu na ƙarshe a Gusau ne, gidan ɗanta. Ba ta gane ni ba. Na ɗan rera mata sabuwar waƙar a kunne, sai ta yi murmushi ta ce, "An dai bar mai kalangunai ko?"

An bar masa, Hajjo.

Allah Ya jiƙanki, Ya sa Aljanna ce makoma. Don Allah duk wanda ya karanta ya yi mata addu'a, ya sa har da makaɗin nan, don na san da tana nan sai ta ce a sa shi.