Goron Baffa a Ƙarƙashin Gado

Lokacin da muka gyara gidanmu na Dagenham a nan ƙasar Turawa, matata ce ta nace sai an sa ɗumin ƙasa a ɗakin baƙi da ke kusa da kicin. Bututu siriri ake shimfiɗawa, a zuba siminti a kai, a ɗora tayil. Ruwan zafi na zagayawa a ciki, ɗumin na tasowa ta tafin ƙafa. Ba ka ganin komai, ba ka jin ƙarar komai, daga waya ma ake kunnawa. Ni da na yi ta mitar ƙurar aikin, ni na zo na fi kowa rawar kai da shi. Duk baƙon da ya shigo sai na sa shi ya cire safa ya taka. Mutum ɗaya ne ban yi wa wannan burgar ba, kuma shi ne ya fi kowa bukatar a gaya masa.

Baffa ƙanin mahaifina ne, kuma tun da mahaifinmu ya rasu shi ne uba. Goro ya sayar duk rayuwarsa a Kano. Abin da yake tinƙaho da shi guda ɗaya ne: huhun da ya ɗaure da hannunsa bai taɓa lalacewa ba. Sai dai a 'yan shekarun nan 'ya'yansa sun matsa masa ya bar musu rumfa ya zauna a gida. Suna cewa ido ya yi rauni, yana mantuwa, gwiwa ta ƙi har sai a kan kujera yake salla. Shi kuwa ya kafe. Ina bayansa a wannan rigimar, domin na san rumfar ce ke tashinsa da safe.

Da aka sa ranar auren babban ɗana, na ce Baffa ne wakilin ango. Na ce masa kada ya wahalar da kansa da goro, ana samu a shagunan nan. Ya yi tsaki har wayar ta ɗauka.

"Ni ina raye a kai wa surukai goron kanti? Kai dai ka aiko da takardun tafiya."

Ya iso cikin hunturu da ƙaramin huhu a akwatinsa, ya bar rabin tufafinsa a gida don goron ya samu wuri. Fari ne zalla, marsa manya-manya, ya ce ɗaya bayan ɗaya ya zaɓa, kuma bai bar ko ɗaya cikin yaran ya taɓa ba. Na gane ba surukai kaɗai yake so su gani ba. So yake labari ya koma Kano.

Muka sauke shi a ɗakin baƙi saboda ba ya iya hawa bene. An daɗe ba a kwana a ɗakin ba, ɗuminsa a kashe yake. Baffa ya zauna a bakin gado, ya zare safa ɗaya ya taka tayil ɗin, ya gyaɗa kai.

"Yauwa. Wannan daɓen ya yi, kamar gindin randa. Tura mini shi can ƙurya, ƙarƙashin gado. Kada kowa ya buɗe sai ranar. Ɗaurin da na yi masa zai kai wata."

Na durƙusa na tura da hannuna. Duk wanda ya tashi a garinmu ya san ƙasa ita ce wurin sanyi, can ake ajiye tulu, can ake ajiye goro. Ni ma a ranar da kan Kano na yi tunani. Bayan la'asar na ga tsoho ya ƙudundune cikin bargo yana rawar ɗari, sai na ɗauko waya na kunna ɗumin ɗakin, na ƙara shi sosai, na wuce harkar biki. Wallahi ko sau ɗaya huhun bai faɗo mini a rai ba. Baffa kuwa safa biyu yake sawa da silifa, goshinsa ba ya kai ƙasa, yana ta yabon bargon Turawa.

Kusan mako biyu aka yi a haka.

Da safiyar ɗaurin aure ɗakin ya cika da 'yan uwa maza, kowa cikin babbar riga. Baffa ya sha rawani, ya ce in jawo kayan. Ina dafa ƙasa da tafin hannuna na ji ɗumi. Huhun kansa da zafi na jawo shi, kamar burodin da aka fitar yanzu.

Baffa ya kwance igiyar a hankali yana murmushi. Ganyen ƙasa ya bushe ƙayau yana karyewa. Goron da ke gindi ya yi yaushi ya yamutse, na tsakiya ya yi gumi ya yi baƙi, fumfuna ta bi shi. Wani wari mai tsami ya tashi. Baffa ya ɗauki ɗaya ya ɓare, ya duba ko sankara ce, ya ajiye. Ya ɗauki wani. Ya daɗe yana yi.

Wani ɗan uwanmu likita, mai saurin baki, ya ce da ni ƙasa-ƙasa, amma ba ƙasan da Baffa ba zai ji ba: "It's age, tsufa ne, ka gane. Ƙila bai yi wrapping ɗin daidai ba."

Nan ne wurin da ya kamata in buɗe baki. Magana ce ta numfashi ɗaya. Amma motoci na jira, ɗakin cike da mutane, ni ne mai gida kuma uban ango, kunya ta hana ni. Na ce bari in tura a sayo wani. Da na fita tsakar gida don yin wayar, kafin in kira kowa sai da na fara kashe ɗumin ɗakin. Har yau idan na tuna da wannan yatsan nawa sai in ji na tsani kaina.

Aka ɗaura aure da goron kanti da dabino da alewa. Surukai ba su san an yi ba. Baffa ya karɓi aure da murya daidai, ya yi addu'a mai kyau, amma ko ɓari ɗaya bai kai bakinsa ba.

Kwanakin da suka biyo baya na yi ta cewa gobe. Yau walima, gobe kai amarya, jibi rakiyar baƙi. Ɗakin ya koma sanyinsa, matata ta kai wa Baffa ƙaramar hita tana tsammanin wani abu ne ya lalace. Ban gyara mata zance ba.

Ranar da zai koma, ya shirya tsaf yana zaune a bakin gado da sandarsa, ya ce da ni, "Idan na isa zan ba yaran nan makullin rumfa. Gaskiyarsu ne. Ni na zaɓa, ni na ɗaure, ba wanda ya taɓa. Hannun ne ya tafi."

Sai a lokacin na durƙusa a gabansa na faɗa masa komai. Na ce akwai bututun ruwan zafi a ƙarƙashin daɓen nan, ni na kunna, ni na dafa masa goro. Ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa yaron da ya shirya ƙarya mai kyau.

"Wuta a ƙarƙashin ƙasa?"

"Wallahi Baffa. Bari ka gani."

Na kunna, na kai shi ƙarshe. Ya cire safa ya ɗora ƙafa. Sanyi ƙalau. Abin da ban taɓa damuwa da shi ba sai ranar shi ne, irin wannan ɗumin ba ya zuwa da gaggawa, sai simintin ya sha zafi tukuna, awanni yake ɗauka. Na kira matata ta shaida, ta ce, "Gaskiya ne Baffa, underfloor heating ne, yana ɗaukar lokaci." Ya yi dariya ya ce har da ke aka haɗa baki. Na roƙe shi mu ƙara jira kaɗan. Muka jira, ƙafarsa a ƙasa, ni ina shafa tayil kamar mai neman allura, har ɗana ya leƙo ya ce idan ba mu tashi yanzu ba za mu yi missing ɗin jirgi.

Baffa ya mayar da safarsa, ya dafa kaina.

"Allah ya yi maka albarka. Ubanka ma haka yake, ba ya son ganin ran mutum a ɓace. Amma kada ka ƙara rantsuwa saboda ni."

Na kai shi filin jirgi, na tsaya har ma'aikaciyar da ke tura shi a keken marasa lafiya ta shige da shi. Da na dawo gida na cire takalmi na shiga ɗakin. Ɗumi ya ratsa ko'ina, har ƙarƙashin gadon. Na zauna a ƙasa na kira lambarsa, alhali na san yana sama.

Ya ba su makullin a makon da ya isa. Na sake yi masa bayani a waya ya fi a ƙirga, har hoton bututun na tura a nuna masa. Kullum sai ya saurare ni har in gama, sannan ya tambaye ni lafiyar amarya.