Mai Waldar da Ya Kai Ƙarar Kansa

An buɗe gadar ƙarfe mai siffar baka da ke kan koramar gabas da garin Kore Mairuwa ranar Talata, mako uku bayan ranar da aka sa. Wanda ya jawo jinkirin shi ne Mani Is'haƙa, mai walda, ɗan shekara sittin da ɗaya. Ba a ambaci sunansa a wurin bikin ba.

Wata goma sha huɗu yana riga kowa isa wurin aiki. Yakan jingine kekensa, ya ɗauki ƙaramar guduma, ya bi haɗin da aka yi jiya yana ƙwanƙwasawa, kunnensa a jikin ƙarfe. Leburori suka sa masa suna Likita.

Saura kwana biyar a buɗe, an gama fenti, sai wani haɗi a ƙugun bakan ya amsa masa kamar fasasshiyar ƙwarya. Aikin hannunsa ne. Ya tuna ranar: an yi ruwan farko, sandunan walda sun sha danshi, shi kuma bai gasa su ba saboda ana gaggawa.

Ya sami injiniyar aikin, Karima.

"Ɗiyata, a kankare fentin nan."

"Baba Mani, an riga an gayyaci baƙi. Wa ya ga aibi?"

"Ban gani ba, na ji."

Ja'afar direba ya tuntsire da dariya. "Tsoho, yi shiru mana! Ƙarfe yana magana ne?"

"Yana yi. Bari kamiyo, babbar motar gero, ya hau ran kasuwa, har kurma zai ji."

Aka kankare. Tsaga ce, tsawon taƙi guda. Karima ta sa aka duba duk haɗin wannan ranar, aka sami wasu biyu, aka yanke aka sake. Kamfanin da ya gina gadar ya ɗora wa Mani laifin jinkiri, ya cire shi daga cikin masu tafiya aiki na gaba.

Kai ne, Mani, fenti ya rufa maka asiri, ka tona da bakinka. Matan da a da suke jiran ruwa ya janye kafin a kai su asibitin Dogon Dutsi ba su san fuskarka ba. A madadinsu, mun gode. Masu sana'a na Arewa, duk wanda ya san inda aikinsa ya yi rauni, ya faɗa tun ba a tambaye shi ba.

Karima ta rubuta wa kamfanin tana neman a mayar da shi. Har jiya babu amsa, motar ma'aikata kuma ranar Asabar za ta tashi zuwa sabon aikin.