Kwanon Rufin da Na Ɓoye a Ƙarƙashin Kara

Shekarun baya, tun ban fara zuwa ajin karatun manya ba, riɗi ya yi mini kyau wata kaka. Ƙauyenmu yana kusa da Basirka, a ƙasar Gwaram. Da na sayar, sai na sayi bulo da siminti, na ce zan gina wa mahaifiyata ɗaki. Nata soron ƙasa ne, wanda marigayi mahaifinmu ya gina tun zuwanta gidan. Duk shekara kafin ruwa ya sauka sai mun kwaɓa ƙasa, maƙwabta su taya mu, mu hau mu yi masa yaɓe. In ba a yi ba, damina har kan gado take iske ta.

Kafin bazara ta yi nisa gini ya kai linta. Na je kasuwar Gwaram na ɗauko kwanon rufi, na yi magana da kafinta. Kullum Inna sai ta dogara sandarta ta zagaya ginin, ta shafa bulon, ta ce, "Allah Ya nuna mini ranar da za a yi ruwa ina kwance ina saurare, ban tashi jan kaya ba." Da lokacin yaɓe ya zo, maƙwabta suka tambaye ni yaushe za a hau soron Inna. Na buga ƙirji na ce bana babu yaɓe, wa zai wahalar da mutane a kan ɗakin da za a bari?

Ana haka sai magana ta fito a rediyo, wai ana shawarar sa haraji a kan manyan gidaje masu tsada. Shawara ce kawai, amma majalisarmu ta gindin darbejiya ta ɗauke ta kamar gobe za a fara karɓa.

Akwai wani malamin firamare da ke zama da mu. Ya ce, "Jama'a, wannan ba taku ba ce. Gidan da ake nufi, ƙofarsa kaɗai ta fi duk abin da ke unguwar nan. In ma an karɓa da gaskiya, ku za a yi wa rijiya."

Sai abokina ya karɓe. Tare muka yi kiwon awaki muna yara, a lokacin kuma direban wani Alhaji ne mai gidan bene a Birnin Kudu. Ya ce, "Malam, albashi kake ci, shi ya sa. Ka taɓa ganin mai karɓar haraji ya shiga gidan babban mutum? Mai gadi ma ba zai bar shi ya sauka daga babur ba. To a kan wa zai huce? Tudu zai hau ya duba, duk inda ya hango kwano yana ƙyalli, nan ne babban gida." Ya juyo ya nuna ni. "Kai ma Alhajin bulo, ka shirya."

Aka fashe da dariya. Ni ma na yi, amma na ɗauki maganar da gaske. Don na sha gani a kasuwa, masu haraji su tare mai akuya ɗaya, mai mota cike da shanu ya wuce ana ɗaga masa hannu.

Malam ya ce, "To ku nemi a faɗi iyaka a fili, wane gida ne ya shiga, wane ne bai shiga ba. Kada ku ce ba kwa so gaba ɗaya." Babu wanda ya saurare shi.

Da na koma gida na aika wa kafinta ya dakata. Na kwashe kwanon na kai bayan rumbu, na lulluɓe shi da karan dawa. Matata ta tsaya tana kallona, ta ce, "Maigida, yanzu kwanon da ka saya da guminka ne ya zama kayan sata?"

Inna kuwa cewa ta yi, "Ɗan nan, gabas fa ta fara baƙi."

Na ce, "Inna, ki ƙara haƙuri, mu ga inda maganar gwamnati ta tsaya."

Ta ce, "Gwamnati ta san da ni ne?"

Aka yi yayyafi, aka sake yi, ina ta jira. Yaɓe ya wuce ni, rufi kuma ban yi ba.

Wata safiya abokina ya zo da bas ɗin maigidansa, ya ce ana taron jin ra'ayin jama'a kan harajin a Birnin Kudu, mu zo mu kare kanmu. Muka cika motar. Da muka isa ya duba mu ɗaya bayan ɗaya, ya ja hannuna ya ce, "Kai za ka yi magana, rigarka ta fi koɗewa." A lokacin har daɗi na ji, wai ni aka zaɓa.

Na tashi a gaban taron. Na ce ɗaki ɗaya nake gina wa tsohuwata, tsoron haraji ya hana ni rufawa, a tausaya wa talaka. Aka yi ta tafi. Alhajin yana zaune a gaba cikin babbar riga, yana gyaɗa kai. Shi da sauran masu bene, har aka tashi babu wanda ya ce uffan.

Daga nan aka kai mu gidansa cin shinkafa. Ba ciki aka shigar da mu ba, a rumfar motocinsa muka zauna. Muna cikin ci hadari ya taso, ruwa ya goce kamar da bakin ƙwarya. Na ɗaga kai na dubi rufin rumfar. Ko ɗigo ɗaya bai taɓa motocin ba. Na ajiye lomar da ke hannuna, na tashi neman motar gida.

Bayan la'asar na isa gida. Gefe ɗaya na soron Inna ya rufta, ƙasa ta binne gadonta. Matata ce ta janyo ta kafin azara ta sauko. Na same ta a zaure, jiƙe, an lulluɓa mata zane tana rawar sanyi. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce, "Ka dawo? An ji maganarka?"

Washegari ƙanwata ta zo daga Maruta, inda take aure. Ta dubi soron, ta dubi ginin da babu rufi, ta ce, "Yaya, ka ci gaba da gadin kwanonka, ni zan tafi da uwata." Inna ba ta so tafiyar ba. Har aka ɗora ta a babur tana waiwayen gidan.

Ranar na yaye karan. Amma kafinta ya shiga gona, sai tsakiyar damina na samu ya rufa. Kafin nan tari ya kwantar da Inna, ba ta iya zama a babur. Da na je na faɗa mata an rufa, ta ce, "Yana ƙara in ana ruwa?" Na ce sosai. Ta ce, "Madalla." A can Allah Ya yi mata rasuwa, tun dawa ba ta nuna ba.

Maganar harajin ta mutu shiru. Aka ce talakawa ne ba sa so. Daga baya abokina ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka ga da ba mu tashi ba?" Maigidansa kuwa ya ƙara wani benen.

Kwana na Allah ne, ban yi jayayya da wannan ba. Har yau kuma ban san wanda ya fi gaskiya tsakanin Malam da abokina ba. Wataƙila da an sa harajin, a kanmu ɗin zai ƙare. Abin da ke ci mini rai shi ne, waɗanda maganar ta shafa ba su ɓata bakinsu ba. Nawa aka ara, da rigata, da tsohuwata. Yanzu in aka kawo irin wannan zance majalisa, nakan fara tambaya, gidan wa ake nufi, wa kuma ya kawo motar?

Ɗakin yana nan. Babu wanda ya taɓa zuwa duba kwanonsa. Ba ya ɗiga ko kaɗan. Buhunan dawa ne a ciki.