Zibrim da Motar Ƙaninsa

Duk wanda ya zauna a Salaga a shekarun tamanin ya san Zibrim Mai Pijo, in ma bai san fuskarsa ba to ya san muryarsa. Ɗan kasuwar doya ne, jikan fataken goro, gajere mai faɗin kafaɗa, kuma Allah bai ba shi ikon yin magana a hankali ba ko da a gidan makoki ne. A 1982 ya sayi Pijo ɗinsa, fara doguwa mai layin kujeru uku, tun daga ranar sunan ya manne masa.

Doya dai manyan motoci ke kwasar masa zuwa Kumasi. Aikin Pijo na gaske shi ne ɗaukar amare. Duk yarinyar da aka aurar a unguwarsu, a motar Zibrim ake kai ta, kuma ko kuɗin mai ba ya karɓa. A shekarar yunwar nan ta 83, da mai ya yi wuyar gani, sai da ya ɓoye jarka biyu a ƙarƙashin gadonsa don kada wata amarya ta tafi gidan miji a ƙafa. Matarsa Atikatu ta yi wata uku tana barci cikin warin fetur tana mita.

Danginsu suna da wata al'ada tun zamanin da ake ɗora amarya a kan jaki: in ta hau, ba ta sauka sai a ƙofar gidan miji. Da motoci suka zo, tsofaffin matan gidan suka mayar da abin kan ƙofa. Da zarar an rufe mota da amarya a ciki, ba a sake buɗe ƙofa ko ɗaya sai an isa, don a cewarsu wadda aka buɗe wa ƙofa a hanya gida za ta dawo. Uba kuma ba ya sallamar 'yarsa a cikin gida. Yakan riga kowa zuwa gindin wata tsamiya a ƙarshen gari ya jira. Mota ta tsaya, amarya ta sauke gilashi, ya sa mata farin goro a tafin hannu, ya naɗe mata yatsu a kai, ya raɗa mata abin da zai raɗa.

Shekara goma sha huɗu Zibrim yana taka birki a gindin tsamiyar nan. Ya ga manyan mutane masu gemu suna share hawaye da bakin riga, ya yi kamar yana duba madubi. 'Yarsa mace ɗaya ce tak, Safura, kuma tun tana rarrafe yake tanadin kalmomin da zai gaya mata. Ya riga ya tsara komai: ranar zai miƙa wa ƙaninsa Mutaru makulli ya tuƙa, shi kuma ya tsaya a gindin tsamiya, 'yarsa ta zo masa a cikin motarsa.

Mutarun nan ɗan ƙanin mahaifinsa ne. Zibrim ne ya koya masa tuƙi a filin idi, da tsawa da zagi, har ya iya. Daga baya ya shiga safarar shanu tsakanin Bawku da kudu, Allah ya buɗa masa. Zibrim ya yi murna da hakan, da gaske kuwa, don arzikin shanu ba ya tare masa hanya.

Sai ranar wata kasuwa a 1996. Zibrim yana tsaye kan tulin doya yana faɗa da wani dillali, sai ga wata mota shuɗiya ta sulalo ta tsaya kusa da shi, ko tari ba ta yi. Gilashinta ya sauka da kansa, a hankali, babu hannun da ya murɗa komai. Mutaru ya leƙo yana murmushi.

"Yaya, ina kwana?"

Zibrim ya amsa, ya ce Allah ya sa alheri, ya tsare hanya. A lokacin Pijo marikin gilashi ɗaya ya rage mata. In amarya za ta sauke nata, sai an miƙa mata marikin daga gaba, ta gama a dawo da shi. Shekaru ana haka ba wanda ya ga aibu, har dariya ake yi. A ranar ne Zibrim ya fara jin kunyar abin.

Mutanen gari suka sa mata suna motar lantarki, don komai nata da maɓalli ne: gilashi, makullin ƙofa, madubi, har da iskar sanyi. Kafin rani ya ƙare amare uku sun tafi a cikinta. Iyayensu kan zo wurin Zibrim suna sosa ƙeya, su ce ai yaran zamani ne, ka san halinsu. Shi kuwa sai ya ce babu komai, ya huta. Daga nan ya wuce majalisa ya buɗe murya: wannan mota ce ko firji? Mutum ya shige ya rufe kansa kamar kifi. Kwana nawa za ta yi a hanyar Bimbila? In Mutaru ya wuce, sai ya juya baya ya kama gyaran hula.

Atikatu ba ta iya ɓoye magana. Ta ce, "Malam, hassada ce ke cinka. Ƙaninka ne fa."

Ya ce, "Ni? In yi hassadar wanda na koya wa riƙe sitiyari?" Ya ture kwanon tuwo ya fita. Hassadar ce kuwa, shi ma ya sani.

Ana cikin haka aka sa ranar auren Safura da wani malamin makaranta a Yendi. Yarinyar ba ta iya fuskantar ubanta ba, sai ta bi ta wurin uwa: tana so a kai ta a motar Baba Mutaru, don hanya da nisa, kuma ƙawayenta duk a ciki suka tafi. Da Atikatu ta isar da saƙon, Zibrim bai yi tsawa ba, abin da ya fi ba ta tsoro ke nan. Sai kawai ya ce shi ma zai sayi irinta kafin biki. In motar lantarki Safura ke so, to a ta ubanta za ta tafi.

Ya tuƙa Pijo ta Tamale da Walewale har Bawku, wurin wani Sumaila mai shigo da motoci daga Lome. Akwai ɗaya a farfajiyarsa, ruwan toka. Zibrim ya shiga ya zauna, ya danna maɓalli gilashi ya sauka, ya danna ya hau. Ya yi haka ya fi sau goma, har Sumaila ya ce batir zai mutu.

Kwana uku ya yi a Bawku yana kai da komo. In zai saya, sai ya rabu da Pijo, ya kuma sayar da doyar da ya tara tun ba ta yi daraja ba. Wannan bai hana shi ba. Babu bakanike ko ɗaya a Salaga da ya san cikinta, in ta lalace sai Kumasi. Wannan ma ya haɗiye. A rana ta uku, yana dab da cewa na saya, Sumaila ya buga bayan motar don ya ƙara masa ƙarfin gwiwa, ya ce da Hausarsa ta Bawku:

"Maigida, ka yi sa'a. Irin na Mutaru na garinku ne sak, ni na kawo masa. Kowa ya gan ka zai ce ka bi sawunsa." Ya ɗaga yatsa. "Abu ɗaya kawai: mota nan ba ya son ruwa a ciki. Ku mutanen Salaga na san ku, ku buɗe ƙofa ku zuba bokiti. Wannan waya ne cike a cikin ƙofa. Ka jiƙa shi, gilashi ya mutu. Na manta ma ban gaya wa Mutaru ba, in ka koma ka faɗa masa."

Kowa zai ce ka bi sawunsa. Zibrim ya fito daga motar ya rufe ƙofa. Ya rabu da Pijo, ya karya jarinsa, don a ce yaya ya kwaikwayi ƙani? Ya ce wa Sumaila zai yi shawara, ya kama hanyar gida. Abin mamaki, zuciyarsa wasai ya dawo. Bai samo mota ba, amma ya samo lagon motar Mutaru. Ya ba Atikatu labarin ruwan yana dariya har da buga cinya. Mutaru kuwa bai gaya masa ba. Kullum yana cewa sai sun haɗu, in sun haɗu kuma sai ya kama gyaran hula.

Aka tsayar da magana: amarya a motar Mutaru, Pijo kuma ta biyo baya da tukwane da kwanuka.

Ranar kai amarya, da hantsi, kowa ya kai motarsa bakin dam don wanki. Mutaru tun da ya sayi tasa da tsumma kawai yake goge ta, amma ranar ya ce 'yar Yaya ce za ta shiga, wankin gaske za a yi. Ya naɗe wando, ya buɗe ƙofofi huɗu kamar yadda ya ga ana yi wa Pijo tun yana koyon tuƙi, ya ɗebo ruwa cike da bokiti. Jar ƙasar hanya ta shiga kowane lungu na ƙofofin, yana so ya fitar da ita tas.

Zibrim yana tsaye taku goma daga wurin, soso a hannu. Kalma uku ta isa, kuma da muryarsa ko daga kasuwa ne Mutaru zai ji. Ya buɗe baki. Sai ya hango motar tana cijewa a gaban jama'a, ana kiran Pijo ta zo ta ceci biki, ana cewa ai tsohuwar ita ce mota. Ya rufe bakin, ya sunkuya yana cuɗa taya. Yana jin ƙarar ruwan, bokiti bayan bokiti.

Motar ba ta cije ba. Mutaru ya murɗa makulli ta tashi lafiya lau, iskar sanyi tana busawa. Gilasai a rufe suke tun farko, ba wanda ya yi tunanin gwada su. Zibrim ya ce a ransa ashe Sumaila surutu ne kawai. Ya ji haushi, ya kuma ji sauƙi, bai san wanne ya fi yawa ba.

Bayan azahar ya ba wani maƙwabci makullin Pijo, ya sa babbar rigarsa, ya taka zuwa gindin tsamiya. Goron da ya zaɓa fari ne sol, sai da ya sa aka juye kwando guda kafin ya same shi. Yana tafe yana maimaita kalmominsa. Ba su da yawa, kuma ba na kunnen kowa ba ne sai Safura.

Ya ji guɗa tun daga nesa. Shuɗiyar motar ta zo ta tsaya daidai gabansa, Pijo a baya da tukwane, mata da maza sun biyo a ƙafa. Safura tana kujerar baya a lulluɓe, kusa da ita yayar Zibrim, Damata, wadda za ta raka ta Yendi. Yarinyar ta ɗage mayafi, ta kai yatsa mai lalle ta danna maɓalli. Gilashi bai motsa ba. Ta sake dannawa. Mutaru ya danna na wurinsa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya kashe mota ya tayar, ya daki ƙofa da tafin hannu. Babu wanda ya sauka ko da faɗin yatsa.

Guɗa ta tsaya. Wani daga baya ya ce a buɗe ƙofa mana, minti ɗaya ne. Zibrim ya kai hannu ya kama marikin ƙofar. Daga ciki Damata ta zuba masa ido. Shi da kansa, shekara goma sha huɗu, bai taɓa yarda an buɗe wa 'yar wani ƙofa a hanya ba, ko da kuka take tana neman ruwa. Yau ya buɗe wa tasa, in auren ya sami matsala gobe, da wane baki zai yi magana? Ya saki marikin.

Ya matso da bakinsa jikin gilashi ya fara faɗin kalmomin a hankali, karo na farko a rayuwarsa. Safura ta karkato kunne, ta girgiza kai, ba ta ji. In ya ɗaga murya za ta ji, amma duk Salaga ma za ta ji. Ya yi shiru. Ta ɗora tafin hannunta a kan gilashin tana kuka, shi ma ya ɗora nasa da goron a tsakani. Gilashin sanyi ƙalau.

Muryar Mutaru ta ratso gilashi can ƙasa ƙasa, fuskarsa sharkaf da hawaye: "Yaya, ka yafe mini! Wallahi ban san me ya same ta ba!"

Zibrim ya yi masa alama da hannu ya tafi, rana tana yi. Motar ta ja. Pijo ta bi ta, tukwane suna ƙara, maƙwabcin ya sa mariki ya sauke gilashi yana ɗaga wa mutane hannu.

Jama'a suka kewaye Zibrim suna ba shi haƙuri. Abin da ya yi shekara guda yana jira ya ji, ranar ya ji shi har ya ƙoshi: ai kai ka faɗa, motar banza ce, da a Pijo ne da ba a yi haka ba. Ko kalma ɗaya ba ta yi masa daɗi ba. Suka watse ɗaya ɗaya, aka bar shi da Atikatu.

Ta dubi goron da ke hannunsa, ta dubi fuskarsa.

"Malam, da safe kana bakin dam lokacin da yake wankin?"

Ya kau da kai. Ta gyara mayafinta ta kama hanyar gida ita kaɗai, ba ta waiwayo ba.

Safura ta zauna lafiya a Yendi, ta haifi 'ya'ya biyar. Zibrim ya kai mata goro kwando kwando a tsawon shekaru, amma kalmomin nan na gindin tsamiya ne, bai taɓa samun inda zai faɗe su ba. Mutaru ya kai motar Kumasi aka gyara, bai ƙara ɗaukar amarya a cikinta ba, aikin ya dawo wa Pijo. Kuma kowace sallah, in ya zo gaisuwa, sai ya durƙusa ya ce, "Yaya, maganar ranar nan, ka yafe mini." Zibrim ya ce ya wuce, da wata ƙaramar murya da ba a san shi da ita ba. Atikatu kuwa sai ta tashi ta shiga ɗaki.