Gogen da Kafilina Ya Gada

Na yi shekaru ina tuƙa wani dattijo a unguwar Ulaya da ke Riyad, tsohon likita da ya ajiye aiki. Shi ne kafilina, wanda ya tsaya mini a ƙasar, iƙamata ta izinin zama a hannunsa take. Yana da wani gogen Turawa da ya gada daga mahaifinsa, yana ajiye a ɗakin da na'urar sa danshi a iska ke aiki kullum. Bai iya goga shi ba. Yakan buɗe akwatin ya duba, ya rufe.

Wata bazara muka tafi Ɗa'if hutu, na'urar ta tsaya ba wanda ya lura. Da muka dawo, busasshiyar iskar Riyad ta ɗaga fuskar gogen daga gefe, har farce zai shiga. Dattijon bai yi faɗa ba. Ya sa aka kira masa mai gyara daga Italiya, wata mace sa'ar mahaifiyata, aka ce in zauna kusa da ita ko za ta buƙaci aike.

Tana aiki tana yi mini bayani da Turanci. Fuskar daga wani icce mara nauyi na kan duwatsu aka fafe ta, bayan kuma daga icce mai tauri mai zane-zane. Gam ɗin da ke haɗa su na fatar dabba ne, sai an narka shi da ɗumi. Na tambaye ta ko ba za a sa mai ƙarfi ba.

"A'a," in ji ta. "Da gangan aka sa mara ƙarfi. Idan iska ta bushe, gara gam ya saki da katako ya tsage."

Ta nuna mini inda haɓar masu goga shi ta cinye fentin, don a ƙarƙashin haɓa ake riƙe shi, da wuyan gogen, wanda ta ce ba na asali ba ne, wani ya sauya shi daga baya.

Da la'asar dattijon ya shigo da gahawa ya ba da tarihin gogen yadda ya ji shi. An ƙera gogen a arewacin Italiya kimanin shekara ɗari uku da suka wuce, don wani makaɗin coci. Gogen ya koma gidan wasu 'yan kasuwa, daga baya wani makaɗi mai gudun yaƙi ya kawo shi Iskandariya ta Masar. Mahaifin dattijon yana karatu a can, yana haya a gidan matar makaɗin bayan mijin ya rasu, a hannunta ya saye shi.

"Tsakanin 'yan kasuwan da makaɗin fa?" mai gyaran ta tambaya.

"Wallahi ban sani ba," in ji shi.

Da gam ya kama, ta ɗaure tsirkiyoyi ta goga kaɗan. Muryar ta fi ta gogenmu kauri. Ta ajiye shi, ta ce, "Likita, wannan yana buƙatar hannu kullum."

Bayan wasu watanni dattijon ya ba da aron gogen ga wata matashiyar makaɗiya a Turai. Ni na kai akwatin filin jirgi tare da 'yarsa da za ta kai shi, an yanka wa gogen kujera tasa a gefenta.

Makaɗiyar takan aiko da kiɗan da ta naɗa da gogen. Idan mun fita sai ya ce, "Ya hajji, sa mana." Yawanci kafin mu kai asibitin da ake duba shi barci ya ɗauke shi, ni kuma in rage sauti in ci gaba da tuƙi.